Kafin ka kafa ƙungiyar farmaki a Kaduna: wane wasa, wace murya, wane rabon ganima

Farmaki (raid) a wasannin bidiyo na intanet shi ne 'yan wasa su haɗu su yaƙi babban dodo su raba ganimar da ya bari. Tambayar farko ita ce mutum nawa za ka iya tarawa a kan layi lokaci guda, su zauna awa biyu zuwa uku, sau biyu a mako, ba tare da ɗaya ya ce wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ba. Wannan adadin shi zai zaɓa maka wasa.

World of Warcraft shi ne mai cin mutane. A matakin Normal da Heroic ana shiga da mutum 10 zuwa 30, ƙarfin dodon yana ƙaruwa gwargwadon yawanku, don haka idan biyu suka yi fashi ba a fasa fita. A matakin Mythic kuwa sai 20 cif: yawanci tanki biyu masu tare duka, masu warkarwa huɗu, sauran 14 masu kai bugu. Mai son cika 20 kowane dare sai ya riƙe 23 zuwa 25, ma'ana kullum akwai wanda zai zauna a benci yana jin haushi. Ga kuɗin wata, kuma a kwamfuta kaɗai ake yin sa. Sauƙin da ke ciki shi ne WoW Token, wanda ake saya da zinaren cikin wasa a samu kwana 30, abin da ke ceton wanda katinsa na naira ya ƙi biya a waje. Ga sabuwar ƙungiya a garin nan, Heroic ya isa buri. Mythic sai an shekara tare.

Final Fantasy XIV yana neman takwas a farmakin Savage: tanki biyu, masu warkarwa biyu, masu bugu huɗu. Tara takwas ba wuya, amma babu sassauci ko kaɗan. Mutum ɗaya ya ɓace, daren ya tashi a banza, sai dai ku ɗauko baƙo, kuma idan baƙon ya riga ya kashe dodon a wannan makon ganimarku za ta ragu. Yana tafiya a PlayStation, wannan babban abu ne a wurinmu. A lura: mai asusun gwaji na kyauta ba ya iya shiga Free Company, wato ƙungiyar cikin wasan, don haka kada ka ɗora lissafinka a kan waɗanda ba su biya ba tukuna.

Guild Wars 2 na mutum 10 ne, babu kuɗin wata, amma sai kowa ya sayi faɗaɗawar (ƙarin sashen wasan) da farmakin ke ciki, kamar Heart of Thorns ko Path of Fire. Destiny 2 shida kawai yake so, masu PlayStation da Xbox da kwamfuta suna haɗuwa a fita ɗaya, kuma akwai farmaki irin su Vault of Glass da King's Fall da ake shiga kyauta. Idan abokanka bakwai ne a tsakanin Barnawa, Kawo da Unguwar Rimi, yawancinsu da PlayStation, fara daga nan.

Batun saba (server, kwamfutar da wasan ke gudana a kanta) gajere ne: ɗauki ta Turai. Jinkirin layi daga nan zuwa can ba kasafai yake sauka ƙasa da milisakan 100 ba, na Amurka kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma darensu asubarmu ce.

Sai dai Turai tana da tarko a agogo, kuma nan ne ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, agogon Jamus da Faransa daidai yake da namu. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris sai su tura nasu gaba da awa ɗaya. Fitar da aka sa ƙarfe 8 na dare a agogonsu ta koma ƙarfe 7 a Kaduna, wato ana idar da Magariba, Isha'i na tafe. Idan akwai Turawa a cikinku, ku rubuta lokaci da agogon Najeriya ku ce shi ne doka, su su riƙa lissafi. Ƙarfe 8:30 zuwa 11 ya fi zama lafiya duk shekara. A watan azumi kuwa tarawihi ta cinye wannan gurbin, gara a sanar da hutu ko a rage zuwa dare ɗaya tun kafin a ga wata, maimakon a riƙa kiran suna ana jin shiru. Ku kuma duba ranar da wasan ke sabunta ganimar mako: Laraba ce ga World of Warcraft a Turai, Talata ga Final Fantasy XIV da Destiny 2, Litinin ga Guild Wars 2. A sa dare na farko kusa da sabuntawar, na biyu can gaba, don a samu sararin ƙarasa abin da ya rage.

Wajen manhajar magana da murya yayin wasa, Discord ne ya fi kowa amfani, ba don sautinsa ya fi ba. Kyauta ne, kana ware ɗakin tankuna da na masu warkarwa, kana liƙa dabarun kowane dodo, kuma manhajar Raid-Helper tana buɗe rajista kowa ya danna zai zo ko ba zai zo ba. Mumble da TeamSpeak ba su da nauyi a tsohuwar kwamfuta, amma sai wani ya ɗauki nauyin saba, ranar da ya yi tafiya kowa ya yi zuru. WhatsApp a bar shi wa tunatarwa da "ga ni nan, layi ne ya yanke". Kiran rukuni a cikinsa ba shi da maɓallin dannawa kafin magana, sai ƙarar janareton maƙwabci ta danne muryar jagora daidai lokacin da yake cewa a watse. Ko a Discord ɗin ma, a wajabta wannan maɓallin.

Kayan da za a fara saya ba katin hoto ba ne. Ƙaramin batir mai volt 12 da ke riƙe rauta idan wuta ta ɗauke ya fi komai daraja, domin ko inbata ta karɓa, rautar da ta mutu ta sake tashi tana cin minti ɗaya ko biyu, a cikinsu an gama da ku. Mai kwamfutar tebur ya ƙara da UPS, mai laftof batirinsa ya wadatar. Tanki da mai warkarwa su riƙe layin waya na biyu daga wani kamfani daban, a shirye. Wasan kansa ba ya shan data sosai, sabuntawar manhajarsa ce ke zuwa da gigabait masu yawa, don haka a sauke ta da rana, ba minti goma kafin fita ba.

Rabon ganima shi ke raba zumunci. Ƙuri'ar sa'a ta cikin wasa ta fi sauƙi, amma tana iya ba wanda ya zo jiya abin da wani ya yi wata biyu yana jira. Tsarin maki na DKP, inda ake samun maki da halartar farmaki a sayi ganima da su, yana saka wa mai zuwa kullum, sai dai yana son mai riƙe lissafi amintacce, kuma wasu kan ƙi sayen ƙananan kaya suna tara maki, ƙungiya ta tsaya cik. Majalisar rabo, inda mutum uku ke duba wa kayan zai fi amfana, ita ta fi saurin ƙarfafa ƙungiya, kuma a World of Warcraft ana tafiyar da ita da ƙaramar manhajar RCLootCouncil tunda ana iya miƙa kaya cikin awa biyu. Matsalarta a wurinmu sananniya ce: ranar da ƙanin shugaba ya samu takobi, ko da ya cancanta, za a ce son kai ne. Ga mutum shida zuwa goma, takarda ɗaya a Google Sheets ta isa: kowa ya jera abubuwa uku da ya fi so, wanda ya karɓa ya koma ƙarshen layi, kuma a buɗe ta kowa ya gani tun kafin a shiga wurin dodon farko.