Kyamarar aljihu: tsakanin Sony RX100, Canon G7 X da masu dogon zum

Tambayar da ya kamata mai neman ƙaramar kyamara ya fara yi ita ce: me wannan kyamarar za ta ba ni wanda wayata ba ta ba ni ba? Idan babu amsa, kuɗin ya tafi a banza. Bayan amfani da kyamarori da dama na wannan aji, ra'ayina shi ne abu biyu ne ke raba mai kyau da marar kyau: girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamarar, da kuma yawan hasken da gilashin gaba ke bari ya shiga. Yawan megafiksel da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba shi ne ma'auni ba.

Sensa iri uku ake samu a waɗannan kyamarori. Ƙaramar, wadda ake rubuta wa 1/2.3, faɗinta milimita 6.17 ne da 4.55, kusan girman ƙwayar wake. Ta tsakiya, wadda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 ce da 8.8, wato filinta ya ninka na ƙaramar kamar sau huɗu. Babbar, APS-C, tana kusan milimita 23.5 da 15.6, ta ninka ta inci ɗaya sau uku da ɗoriya. Kyamara mai ƙaramar sensa da mai inci ɗaya duk suna iya zama masu megafiksel 20, amma kowane ɗigo na mai inci ɗaya ya fi girma, yana tara haske fiye da na ɗayar. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai. Da magariba ta yi, ko aka shiga falo mai ƙwan fitila ɗaya, hoton ƙaramar sensa sai ya cika da yashi-yashi, kyamarar ta yi ƙoƙarin shafe shi, ta shafe har da zaren aikin hula da gashin gira, fuska ta koma kamar an shafa mata kakin zuma.

Saboda haka ga yawancin mutane, zaɓin yana tsakanin masu inci ɗaya ne, kuma a nan gidaje biyu ne suka mamaye kasuwa.

Sony RX100 ta fara fitowa a 2012, kuma sunan ɗaya ne har zuwa ta bakwai, abin da ke rikita masu saye. A gaskiya, daga ta uku zuwa sama, iyali biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Daga RX100 III ta 2014 zuwa VA ta 2018, gilashin 24-70mm ne mai buɗi f/1.8 zuwa f/2.8. VI ta 2018 da VII ta 2019 kuma 24-200mm ne mai buɗi f/2.8 zuwa f/4.5. Adadin mm yana nuna yadda gilashi ke jawo abu: ƙarami yana ɗaukar fili mai faɗi, babba yana jawo na nesa. Ƙaramin adadi bayan harafin f yana nufin ƙofar haske ta fi faɗi. Tsakanin f/1.8 da f/2.8 hasken ya kusa ninki biyu da rabi. Abin da takardar talla ba ta faɗa kuma shi ne, f/2.8 na VII a farkon zum kawai yake. Kafin ka kai 50mm ya riga ya koma f/4, alhali tsohuwar III tana nan a f/2.8 har ƙarshen nata. A tsawon da ake ɗaukar hoton mutum daga ƙirji zuwa sama ke nan, tsohuwar tana samun ninki biyu na hasken sabuwar. A ɗakin biki da dare, wannan shi ne bambancin ISO 1600 da ISO 3200 (ISO shi ne ma'aunin da ake ɗagawa idan haske ya yi ƙasa, yana ƙaruwa yashi-yashi na ƙaruwa), kuma a sensar inci ɗaya 3200 ita ce iyakar da hoto ke fara lalacewa.

To me VII ta fi? Saurin kama saiti, wato daidaita gilashi har abin da ake ɗauka ya fito tar. Tana da wuraren saiti 357 a jikin sensa, tana bin idon mutum ko yana tafiya ko ya juya ya dawo, kuma da wuya ta ɓata. Ga mai ɗaukar yara suna gudu, ko dawakai a hawan sallah lokacin jafi, babu ƙaramar kyamarar da ta kama ƙafarta. A sa ta a S, tsarin da kai ne ke zaɓar saurin ƙiftawa, a zaɓi 1/1000 na daƙiƙa, saiti mai bi, a jawo zuwa 200mm, za ka ga kwalliyar linzami da ƙurar kofato a tsaye cak. Tana da ramin makirufo na waje, abin da duk RX100 da suka gabace ta ba su da shi. III kuwa saitinta na tsohon salo ne, yana da kyau ga abin da ke tsaye, yana lalube idan haske ya yi ƙasa. V da VA su ne suka haɗa gilashi mai haske da saiti mai sauri, kuma a ganina VA ce mafi daidaito a duk gidan, in dai 70mm ya ishe ka.

Wani abu da RX100 ke da shi tun daga III shi ne tagar leƙe da ke ɓoye a jiki, a danna ta fito. Kada a raina ta. A ranar Maris ko Afrilu, allon baya na kowace kyamara komawa yake kamar madubi, ba ka ganin komai sai fuskarka. Da tagar leƙe kana ganin hoton yadda yake, kuma jingina kyamara a goshi yana rage rawar hannu. Aibin RX100: jikinta santsi ne kamar sabulu. Sai an manna mata ɗan mariƙin roba, Sony na sayar da nata mai suna AG-R2, kuma a riƙa sa igiyar a wuyan hannu kullum. Jerin saitunanta ma yana da tsawo da ruɗarwa, kuma allon taɓawa sai daga VI ya fara.

Canon G7 X Mark II ta 2016 da Mark III ta 2019 gilashi ɗaya suke amfani da shi, 24-100mm mai buɗi f/1.8 zuwa f/2.8. A takarda ya fi na Sony, domin haskensa ɗaya amma ya fi tsawo, kuma 100mm a f/2.8 yana ba da hoton fuska mai kyau, bayan ya ɗan narke. A aikace, gefunan hoto a 24mm suna da laushi idan an buɗe gilashin gaba ɗaya. Ga hoton jama'a da yawa a jere sai a rufe zuwa f/4 don na gefe su fito sosai. Inda Canon ta yi zarra shi ne launin fata kai tsaye daga kyamara ba tare da gyara ba, da sauƙin sarrafawa. Allonta na taɓawa ne, mariƙinta yana zama a hannu, kuma tana da ƙaramin dabaran ƙara ko rage haske a sama, wanda babban yatsa ke juyawa ba sai an shiga jerin saituna ba. Wannan dabaran ya fi amfani fiye da yadda ake zato. Mutum baƙi sanye da farar shadda a rana, kyamara za ta auna farin ta duhunta fuskar. Ka ƙara +0.7 fuska ta fito, amma aikin wuyan riga ya ƙone ya zama fari fat. Maganin shi ne a bar hasken a sifili ko +0.3, a ɗaga filashi ko da rana ce, ya cike inuwar fuska da ta ƙarƙashin hula. Filashin RX100 da na Mark II ana iya tura shi baya da yatsa ya haska silin, hasken ya sauko a hankali, maimakon ya mari fuska ya bar goshi yana ƙyalli.

G7 X ba ta da tagar leƙe ko kaɗan. Mark II ba ta ɗaukar bidiyon 4K. Mark III tana ɗauka, tana da ramin makirufo da cajin USB-C, amma saitinta a bidiyo yakan yi gaba ya yi baya kafin ya tsaya, ko da yake sabunta manhajarta ya rage hakan. Cajin USB-C ɗin ma ba kowace caja yake karɓa ba, sai mai alamar PD, wato irin mai saurin caji. Abin da ya fi damuna da G7 X a yanzu farashi ne. Tun da hotunan filashinta suka yi tashe a TikTok, ta yi wuyar samu, har ta hannu takan kai kuɗin sabuwa ko ta wuce. Kyamara ce mai kyau, amma ba ta kai a biya mata fiye da kuɗin RX100 VA ba.

Batir duk kanwar ja ce. NP-BX1 na Sony da NB-13L na Canon ƙanana ne, kamar hoto 220 zuwa 320 suke bayarwa a ma'aunin kamfani, ya danganta da samfuri. Batir biyu na ƙari da cajar waje ba zaɓi ba ne, cikin kuɗin saye ya kamata a lissafa su.

Masu dogon zum, irin su Panasonic Lumix TZ99 mai 24-720mm da Canon SX740 HS mai 24-960mm, ƙaramar sensa ce a cikinsu, kuma a ƙarshen zum gilashin yana rufewa zuwa f/6.4 ko f/6.9. Aikinsu ɗaya ne, kuma suna yin sa: jawo abu mai nisa da rana, tsuntsu a kan reshe ko giwa a Yankari, abin da waya ba ta iyawa. A cikin ɗaki kuwa waya mai kyau ta fi su. SX740 ba ta ajiye RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ya fi karɓar gyara. TZ99 ta zo ba tagar leƙe, alhali TZ95 da ta gada tana da ita, kuma riƙe 720mm da miƙaƙƙen hannu ana kallon allo wahala ce. Mai son tsaka-tsaki ya nemi TZ200, sensar inci ɗaya da 24-360mm.

Ricoh GR III wata duniya ce: sensar APS-C mai megafiksel 24, gilashin 28mm f/2.8 da ba ya zum, babu filashi, nauyi giram 257. Kaifin hotonta ya wuce duk waɗanda na ambata. Ta mai sha'awar hoton titi da kasuwa ce, wanda ya yarda ya matsa da ƙafarsa. Ba zan ba wanda ke neman kyamarar iyali shawarar ta ba.

Sai maganar ƙura, wadda a wajenmu ta fi kowace magana nauyi. Duk kyamarar da gilashinta ke fitowa ya koma, famfo ce: duk lokacin da aka kunna ta tana zuƙar iska ta tsakanin bututun, idan an kashe ta fitar. A hunturu iskar nan cike take da hazo mai laushi kamar gari. Ƙurar tana sauka a kan sensa, kuma tun da gilashin ba ya cirewa, ba yadda za ka goge ta sai an kwance kyamarar gaba ɗaya. GR ta yi suna da wannan matsala duk da tana da na'urar karkaɗe ƙura, amma RX100 da G7 X ma ba su tsira ba. Idan kuma tsakuwar yashi ta shiga haƙoran da ke tura gilashin, sai ya maƙale rabi a waje, allo ya ce a kashe a sake kunnawa. Kada a tura shi da hannu, haƙoran roba ne, karyewa za su yi. Duk da sunanta, kada a sa ta tsirara a aljihu, domin zaren aljihu shi ne abin da ya fi shiga. A sa ta a ƙaramar jaka mai zif, a hure bututun da famfon roba kafin a kashe ta, ba da baki ba.

Wanda aikinsa a gona ne, ko wurin gini, ko bakin ruwa, ya duba OM System Tough TG-7 ta 2023. Gilashinta 25-100mm a cikin jiki yake motsi, ba ya fitowa, don haka ba ta zuƙar ƙura. Tana shiga ruwa har zurfin mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2.1, idan ta yi datti a wanke ta da ruwa mai tsabta. Sensarta ƙarama ce mai megafiksel 12, hoton dare ba nata ba ne, amma tana ɗaukar abu daga nisan santimita ɗaya, ƙwaro a bayan ganye ko tsagewar walda su fito ɓaro-ɓaro. Sharaɗinta shi ne a duba robar ƙofar batir kafin a rufe. Silin gashi ɗaya a kanta ya isa ya shigar da ruwa.

Zafi ma abin lura ne. Yawancin waɗannan kyamarori an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, kuma bazarar Sakkwato ko Maiduguri tana wuce haka. RX100 IV da V minti 5 suke ɗaukar 4K a jere, G7 X Mark III kamar minti 10, kuma a rana za su iya kashe kansu kafin nan. Don dogon bidiyo a koma 1080, a ɗaga allon daga jiki iska ta ratsa. Wutarmu kuma 50Hz ce, saboda haka a sa bidiyo a PAL, tsarin da ya dace da wutar 50Hz, 25p ko 50p, wato hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, saurin ƙiftawa 1/50 ko 1/100, in ba haka ba hasken fitila zai riƙa rawa a hoton.

Tun da yawancin waɗannan ta hannu ake samun su, ga yadda za a gwada kafin a biya. A sa kyamara a A, tsarin da kai ne ke zaɓar buɗin gilashi, a rufe gilashi zuwa f/11, a jawo zum zuwa ƙarshe, a ɗauki farar takarda ko sarari, sannan a faɗaɗa hoton a duba lungu-lungu. Tabo mai duhu da ke zama wuri ɗaya a hoto biyu ko uku ƙura ce a kan sensa. A kunna a kashe sau goma ana saurare; ƙarar gurzawa ko tsayawa a hanya alamar yashi ce. A haska fitilar waya cikin gilashin a nemi zare-zare kamar yanar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, ba ta goguwa daga waje. A ɗaga allon a sauke ana kallo, idan ya ɗauke ko ya canza launi, siririyar wayar da ke bayansa ta fara tsagewa. A ciro batir a ɗora a kan tebur a juya shi. Idan ya juya kamar katantanwa, ya kumbura. A Sony a duba yaren jerin saituna, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Japan Japananci kawai suke da shi. A tsofaffin RX100 kuma a duba takardar da ke manne a ƙasa: mai 50i tana iya komawa PAL, mai 60i ba ta da wannan zaɓin.

Memori kuma a saye shi dabam a wurin da aka amince da shi, mai alamar sauri ta U3 idan za a ɗauki 4K, a cika shi da bidiyo har ƙarshe tun ranar farko, a kwafe a kwamfuta a buɗe fayil na ƙarshe. Na jabu yana nuna 128GB amma daga ya wuce ainihin girmansa, duk abin da aka ɗauka bayan nan ba ya buɗewa.