Idan Masu Kallo Sun Yi Yawa: A Rage Kyan Hoto Ko A Tsayar Da Wasu?

Duk kamfanin da ke haska bidiyo ta intanet yana da ranar da masu kallo za su fi ƙarfin na'urorinsa. A irin wannan rana, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, a rage wa kowa kyan hoto. Dama bidiyon a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙu, kuma an ajiye kowace a matakan inganci daban-daban. Shi ya sa wayarka ke sauka daga 1080p (hoto garau) zuwa 480p (hoto mai ƙarancin kyau) ba tare da fim ya tsaya ba. Haka aka yi a Turai a watan Maris na 2020, lokacin kullen korona: Netflix ya rage nauyin da yake ɗora wa intanet da kusan kashi 25 cikin ɗari, matakin da ya sanar da farko cewa na kwana 30 ne. Kyan hoto ya ɗan ragu, amma kowa ya ci gaba da kallo.

Ta biyu, a ƙi karɓar wasu buƙatun da wayoyin masu kallo ke aiko wa na'urorin kamfanin. Wanda ya riga ya shiga ya more, na baya ya jira. Wannan tana min ciwo matuƙa a wasan ƙwallo kai tsaye, inda jiran minti biyar ke nufin an zura ƙwallo ba ka gani ba, alhali kuɗinku ɗaya da wanda ya gani.

Ni dai ta farko nake goyon baya. Ta biyu tana da amfani ne idan ba mutum aka tsayar ba, sai buƙatun da ba na gaggawa ba. Netflix ma haka yake yi: ya jinkirta abin da manhaja ke ɗebowa tun kafin a nema, ya fifita wanda ya danna kunnawa.