Fostar tarihin doki: zanen ƙafafun ya yi, jerin ne da gyara

A wani shagon littattafai da ke Sabon Gari a Kano na sayo wannan fosta, don darasin kimiyya a makarantarmu da ke wani ƙauye a yankin Ringim. Babba ce, an lulluɓe ta da leda. Ta jero dabbobi daga hagu zuwa dama, daga Eohippus, wani daɗaɗɗen dangin doki, har dokin yau, ƙarƙashin kowanne an zana ƙashin ƙafarsa da haƙorinsa.

Zanen ƙafafun nan kaɗai ya fanshi kuɗina. Eohippus ya rayu kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce, yatsu huɗu ne a ƙafarsa ta gaba, uku a ta baya, kowane yatsa da ɗan kofatonsa. Mesohippus, wanda ya zo daga baya, uku-uku gare shi, na tsakiya ya fi kauri. A haka na gefe suka yi ta ƙanƙancewa har ya rage kofato ɗaya. Yaranmu da jaki suka tashi, don haka na sa aka jawo na mai kawo mana ruwa, suka riƙa shafa ƙwaurinsa a hankali. Ƙasa da gwiwa, gefe da gefe, akwai wasu siraran ƙasusuwa biyu a manne da babban ƙashin, ragowar waɗancan yatsun ke nan. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ita ta fara lalubo su, ta ce, "Malam, wallahi ga shi nan!" Haƙoran ma an fito da su da kyau: na Eohippus gajeru ne, na cin ganye mai laushi da 'ya'yan itace, na Merychippus dogaye, masu jure ciyawa da yashin da ke cikinta.

Matsalar farko girman zanen. Duk dabbobin kusan kai ɗaya aka yi su, alhali Eohippus bai kai rabin mita a kafaɗa ba. Sai da na ce musu bai wuce ɗan akuya ba suka daina yi masa kallon dokin hawan sallah.

Wadda ta fi damuna ita ce kibiyar da aka ja, miƙe sambal, kamar wannan ne ya haifi wancan. Dangin doki sun yi rassa da yawa, wasu sun rayu a zamani ɗaya, akasarinsu kuma sun ƙare ba magaji. Fostar ta kuma rubuta Hyracotherium da Eohippus a matsayin dabba ɗaya, wanda tsohon zance ne. Masanin kimiyya Richard Owen ne ya raɗa sunan farko a 1841 daga ƙasusuwan da aka samu a Ingila, wani masanin, Othniel Marsh, ya raɗa na biyu a 1876 daga na Amurka. An daɗe ana haɗa su, amma masana na yanzu sun raba su. Da alƙalamin maka na zana rassan a kan ledar, na kuma soke suna ɗaya.

Ledar ta jure ƙurar hunturu, tsumma mai danshi ya isa. Sai dai ba a yi mata ramin ratayewa ba, ƙusa kuwa tana yaga kusurwa, sai da kafinta ya yi mata katako sama da ƙasa. Rubutun Turanci ne zalla, ƙanana, na bencin baya ba sa gani. Malamin da zai tsaya ya yi bayani da Hausa ya saya. Wanda zai kafa ta a bango kawai ya wuce, ya riƙe kuɗinsa.