Klask ko karom: wanne za a saya wa yara biyu?

'Yar uwa, kin ce yaranki biyu, mai shekara 9 da mai 12, sun maƙale wa waya, kina neman wasan hannu na mutum biyu da za a gama kafin tuwo ya huce, kuma an ambata miki Klask da karom. Duka biyun muna da su a gida. A kan sharaɗin da kika gindaya na sauri, Klask zan ce ki saya, amma da wani hanzari da zan kawo a gaba.

Klask wani kafinta ɗan ƙasar Denmak, Mikkel Bertelsen, ya ƙirƙiro shi. Ɗan allon katako ne mai ƙafafu, da rami ɗaya a gaban kowane mai bugawa. Hannunki a ƙarƙashin allon yake, riƙe da maganaɗisu, shi ke jan ɗan wasanki da ke sama, kina bugun 'yar ƙwallo zuwa ramin abokin karawa. Wanda ya fara kai maki 6 ya ci. Daɗinsa shi ne mutum kan ba da maki da hannunsa. Akwai ƙananan maganaɗisu farare guda 3 a tsakiya, in biyu suka manne wa ɗan wasanki, maki ya tafi. In garin tare gida ɗan wasanki ya faɗa raminki, nan ma ya tafi. Haka in ya kuɓuce miki kika kasa jawo shi. Garaje ke kayar da mutum, shi ya sa ƙaramar 'yata take cinye babanta ba tare da ya sassauta mata ba, abin da bai taɓa faruwa a dara ba. Kuma babu jiran layi, mutum biyun suna bugawa lokaci guda, minti goma ya ishi wasa.

Karom kuwa na Indiya ne da maƙwabtanta, wasan zama ne da natsuwa. Allonsa murabba'i, kusan santimita 74 kowane gefe, da rami a kusurwoyi huɗu kamar teburin sinuka. 'Ya'ya 9 farare, 9 baƙaƙe, sai ja guda ɗaya da ake kira sarauniya. Da ɗan yatsa ake harba wani faifai mai ɗan nauyi ya tura 'ya'yan cikin rami. In kin zura naki ki sake bugawa, in kin kuskure ki ba wa abokin wasa. Sarauniya ba ta zama taki sai kin bi ta da ɗanki a bugu na gaba, in ba haka ba ta koma tsakiya. A ƙa'idar gasa sai an kai maki 25, amma a gida allo ɗaya ake bugawa a tashi.

Matsalarsa ga sabon hannu ita ce makon farko. Yaro zai yi ta harbi ba abin da ke shiga, farce na zafi, wasan da gwani zai gama cikin ɗan lokaci ya ja rabin awa. Kuma da zarar babban ya gane hannu, zai riƙa zura uku huɗu a jere, ƙaramin na zaune da tagumi. Gidan da ke da wa da ƙane an san inda wannan ke ƙarewa. Sai dai in aka jure, karom ya fi zurfi nesa ba kusa ba, ana koyon lissafin kusurwa da bugun bango, kuma mutum huɗu za su iya zama bibbiyu in baƙi sun zo. Yana son hoda don santsi, yana son wurin ajiya inda ba laima, domin allon da ya lanƙwashe ya tashi aiki.

Ga hanzarin. Ba ki faɗi ko akwai mai rarrafe a gidan ba. Fararen maganaɗisun Klask ƙanana ne ƙwarai, kuma in ƙwallo ta buge su sukan yi tsalle su bar allon. Yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, maganar tiyata ke nan. In akwai ƙaramin da komai ya samu sai baki, ki ɗauki karom tukuna, ko da yake 'ya'yansa ma ba na bari a ƙasa ba ne. Mu dai a gwangwanin da ke da murfi muke zuba fararen nan, a ƙirga su uku kafin a ɗora a kan kwaba.