Ƙaramar tiyatar tabon kurajen fuska: wa take wa amfani?

Idan kuraje sun bar wa mutum ramuka a kumatu, man shafawa ba ya cike su, komai tsadarsa. Aikin da likitocin fata ke kira sabsishon, wato tsinke zaruruwan tabo a ƙarƙashin fata da allura, wanda likitoci biyu 'yan gidan Orentreich suka bayyana a Amurka a 1995, yana cikin abin da ya fi tasiri. Sai dai ba kowane rami yake gyarawa ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A ja fatar da yatsu biyu a gaban madubi. In ramin mai faɗi ne, gefensa a kwance, kuma ya ɗan baje da aka ja, to irinsa ake nema. Wasu zaruruwan tabo ne ke janye fatar zuwa ƙasa, kamar maɓallin da aka ɗinke a jikin katifa. Likita zai yi wa ramukan alama mutum na zaune, domin in ya kwanta sukan ɓace, ya yi allurar kashe zafi ta lidoken, sannan ya zura allura mai kauri, galibi lamba 18, ƙarƙashin fata yana kai da komo har zaruruwan su tsinke. Akan ji ƙas-ƙas ɗin tsinkewar. Jinin da ya taru a wurin shi ke ɗaga ramin kafin sabon nama ya fito.

Kumburi da duhun taruwar jini kan kai mako ɗaya zuwa biyu, don haka kada a yi shi dab da biki. Zama ɗaya ba kasafai yake wadatarwa ba, domin wasu zaruruwan kan sake haɗewa. Akan maimaita bayan mako 4 zuwa 6. Raguwa ake samu, fuska ba ta komawa sumul.

Ramuka masu tsini da zurfi kuwa wannan aiki ɓarnar kuɗi ne a kansu. Su yanke su ake yi da ɗan bututu mai kaifi na milimita 2 zuwa 3, a ɗinke, a cire zaren bayan kwana 5 zuwa 7.

Baƙar fata tana da nata sharaɗin. Wurin da aka taɓa yakan yi baƙi na watanni, musamman in ana shiga rana ba man kariya mai SPF 30 ko fiye. Wanda hujin kunne ko kaciya ta taɓa bar masa tabo mai tudu ya faɗa wa likita tun farko. Mai shafa man bilicin mai sitiroyid ma haka, don fatarta ta riga ta yi siriri, ba ta saurin warkewa. Kuma sai an kwantar da kurajen da ke fitowa tukuna, in ba haka ba allurar na iya yaɗa ƙwayar cuta.

A wajen gefen goshi da layin muƙamuƙi akwai jijiyoyin da ke motsa fuska. Wannan kaɗai ya isa dalilin kai fuska wurin likitan fata, a ƙyale shagunan gyaran jiki masu tallar araha a Instagram.