Gargaɗi: Mai cewa shi ne wakilin kawo ƙaho da fatun farauta daga Afirka ta Kudu ya cuci kawuna

Assalamu alaikum ƴan uwa na Maradi da kewaye.

Ni sana'ata fata ce. Tun ina ƙaramin yaro nake bin mahaifina majema, yau kuma ina sayen fatar jar akuya da ta tumaki ina turawa Kano. Na faɗi haka ne don a san abin da zan ce a kan fata ba ji na yi a bakin wani ba. Na takardu da na jirgi kuwa cikin ƴan watannin nan na koye su, bayan an raba kawuna da sefa miliyan 2 da jikka 350. Ya yarda in rubuta bisa sharaɗin kada in kama sunansa, kuma ba zan kama ba.

Da daminar bara wani abokin cinikinsa ya gayyace shi farauta Afirka ta Kudu, a lardin Limpopo. Daminarmu ita ce hunturunsu, kuma lokacin ne suka fi yin farauta. Can ba kamar nan ba ne da mafarauci zai ɗauki bindiga da karnuka ya faɗa daji. Gonaki ne manya da aka kewaye da waya, kowace dabba da farashinta, kana tafe da ƙwararren maharbi mai lasisi. Kawu ya harbi uku: wani babban gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho da suke kira kudu, da barewar da suke kira impala, da jakin dawa mai zane. Aka fede, aka zuba wa fatun gishiri, mai gonar ya ce in an shirya za a tuntuɓe shi. Yana so a gyara kan kudun da wuyansa ya tsaya kamar mai rai ya rataye a falo, fatar jakin dawan kuma a shimfiɗa. Na san akwai malaman da ba su son a ajiye irin wannan a gida. Wannan tsakanin mutum ne da malaminsa, ba shi ya kawo ni ba.

Da ya dawo, yaran gida suka zuba hotunan a Facebook. Ga Kawu tsugunne riƙe da ƙaho, ga allon gonar da sunanta ɓaro-ɓaro a bayansa. Ƙofar da ɓarawo ya shigo ke nan.

Bai fi sati shida ba sai ga saƙo a WhatsApp, lambar Afirka ta Kudu. Mutumin ya yi sallama da Hausa tsantsa. Na saurari muryar tasa daga baya, har yanzu tana cikin wayar: "Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Ni ɗanka ne, shekara goma sha ina Johanasbag. Ni nake kula da kayan baƙinmu na Afirka ta Yamma a madadin gonar. Kayanka sun kammala, saura jigila." Ya lissafo dabbobin uku bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya turo hoton kan kudu an gama shi, idanu na sheƙi, jingine da bango. Kawu ba ya jin Ingilishi, Faransancinsa ma na ciniki ne, can ma abokin ne yake yi masa tafinta. Da ya ji Bahaushe ɗan uwa a tsakani sai ya ji sanyi a ransa. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Wanda ya san wahalar baƙunta ya san daɗin jin harshen gida.

Kuɗin farko yuro 1,300, na gyara da akwati da jirgi gaba ɗaya har Yamai. Yuro ɗaya sefa 656 ne a ƙayyade in an cike, don haka abin ya kama wajen jikka 850. Aka ce a tura da sunan wani mutum, wai ma'ajin kamfani. Bayan kwana huɗu, jikka 400 na takardar CITES, wai ta izinin fitar da kayan namun daji. Bayan sati, jikka 600 na inshora, wai za a maido da su in kaya sun sauka lafiya. Sai aka turo takardar jirgi mai tambari. Sai kuma waya da dare, murya a tashe: an riƙe akwati a Adis Ababa, likitan dabbobi na son jikka 500, in ba haka ba gobe za a ƙone. Kawu ya biya. Sai da aka nemo miliyan 1 da jikka 200 na kuɗin ajiya sannan ya kira ni bayan isha'i ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Zuciyata ta fara ƙi."

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne sati shidan nan. Fatar akuya da muke jima, mu jiƙa ta a toka, mu tuge gashi, mu sa ta a bagaruwa, ita ma tana cin kwanakinta, kuma ita gashin ma cire shi ake yi. Fatar da ake so gashinta ya zauna daram aikinta ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Dole ta sha gishiri ta bushe ƙarau, wannan kaɗai makonni ne, in aka yi garaje gashi ya zube fata ta tashi aiki. Ƙoƙon kai sai an dafa shi an kankare nama, an zare ƙahon daga ƙashinsa an tsabtace ciki. Sannan a jeme fatar, a fefe ta ta yi siriri wajen leɓe da fatar ido da kunne, a ɗora ta kan wani gunki na soso mai tauri da aka yi daidai da surar dabbar, a dasa idanun gilashi, a ɗinke, a bar ta ta bushe. Masu wannan sana'a, da Turawa ke ce wa taksidami, layi ake bi a wurinsu, domin duk mafarautan kakar suna jira. Shekara guda ba abin mamaki ba ne, ana ma wucewa. Ko wanda ba ya son a gyara masa a can, yana so a tsoma kayan a magani kawai a ƙunshe a turo ɗanye, shi ma watanni yake jira kafin takardun likitan dabbobi na gwamnati su fito. To ta yaya kan kudu zai tsaya a bango cikin kwana arba'in da biyu? Na ƙura wa hoton ido na gwada da na ranar farautar. Kudun Kawu akwai ɗan tsagu a bakin ƙahonsa na hagu. Na cikin hoton ƙahonsa sumul.

Daga nan na kai takardun wa wani abokina da ke aikin fito da kaya a duwan. Bai yi minti biyar ba ya ajiye su ya girgiza kai.

Ya fara da nauyi. Takardar ta ce kilo 35. Ya ce jirgin sama ba nauyin kaya kaɗai yake dubawa ba, yana duba wurin da suka cinye. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 6,000, abin da ya fito shi ne kilon girma, kuma wanda ya fi yawa tsakaninsa da na sikeli shi ake biya. Ƙahon babban kudu ya wuce mita ɗaya. Ka ɗauka akwatin ya zama santimita 120 da 100 da 90, lissafi ya ba ka kilo 180, ko da abin da ke ciki mutum ɗaya zai iya ɗaga shi. Shi ya sa mafarauta da yawa ke kuka cewa gyara da jigila sun ci musu kuɗi kusa da na farautar kanta. Wanda ya ce zai haɗa maka gyaran dabba uku da akwati da jirgi a yuro 1,300 ba rangwame ya yi maka ba, ƙugiya ce ya sa wa tsutsa. Araha ba ta ado.

Sai lambar takardar jirgin. Ashe lambobi 11 ne kullum. Ukun farko na kamfanin jirgin ne, misali 071 na jirgin Habasha ne, 057 na Air France. Takwas ɗin da suka biyo, ta ƙarshensu ba a zaɓenta haka kawai: ana raba bakwai ɗin farko da 7, abin da ya yi saura shi ne ita. Ke nan ba za ta taɓa zama 7 ko 8 ko 9 ba. Ta takardar Kawu 9 ce. Muka buga lambar a shafin kamfanin jirgin na bin sawun kaya, babu ita babu dalilinta. Mu kuwa da adireshin da mutumin ya turo muke dubawa, wani shafi da shi ya ƙirƙira, wanda kullum yake nuna akwati na tafiya.

Batun CITES ya fi ba ni takaici, don da sunan doka aka yi satar. CITES yarjejeniya ce ta gaskiya, an sa mata hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, Nijar da Afirka ta Kudu duk suna ciki. Aikinta sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai da ke cikin haɗarin ƙarewa. A jerin dabbobin yarjejeniyar damisa tana rukuni na ɗaya, sai ƙasar da za a kai ta ta fara ba da izinin shigowa kafin ta can ta ba da na fita. Zakin Afirka yana rukuni na biyu. Amma kudu da impala da jakin dawan fili irin wanda Kawu ya harba ba sa cikin jerin. Akwai wani jakin dawa na tsaunuka da ke ciki, shi ya sa ake rubuta ainihin nau'in dabba a takarda. Jikka 400 aka karɓa kan takardar da kayan ba sa buƙatarta. Kuma ko da suna buƙata, hukumar gwamnati ke bayarwa, ba wani mutum a WhatsApp ba. A nan gida ma'aikatan gandun daji ne za ka tambaya, ofishinsu yana nan cikin gari, tambaya ba ta cin ko dala.

Har katakon akwatin ma yana da ƙa'ida. Sai an gasa shi da zafi ko an yi masa feshin kashe ƙwari an buga masa hatimi, bisa dokar da ake kira ISPM 15. Akwatin da ke hoton da aka turo babu hatimi a jikinsa ko ɗaya.

Washegari muka nemo abokin cinikin Kawu, ya ba mu lambar mai gonar, wadda ya karɓa hannu da hannu. Aka kira, ɗana mai karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya yi tafinta. Mai gonar ya ce bai san mutumin ba, ba shi da wakilin Afirka ta Yamma, bai taɓa yi ba. Fatun da ƙahonin suna nan wajen mai gyara, ko layinsu bai zo ba. Ya ce ya aika wasiƙar imel har sau biyu yana tambayar yadda ake so a gyara su, ba a amsa ba. Adireshin da Kawu ya bari na wani yaron shagonsa ne da ba ya buɗewa.

Na kira mutumin da kaina. Na ce ya ba ni sunan kamfanin da ke riƙe da akwatin a Adis da lambar ofishinsu. Ya ce, "Haba ɗan uwa, ba ka yarda da ni ba ne? Ni da Alhaji mun zama ɗaya." Na maimaita tambayar. Ya fara rantse-rantse, ya ce in muka ɓata lokaci alhakin kayan yana wuyana. Kafin la'asar ya toshe mu duka.

Abin da nake roƙon duk wanda ya je irin wannan tafiya, ko yake shirin zuwa Afirka ta Kudu ko Namibiya ko Tanzaniya: kafin ka baro gonar, a rubuta maka sunan mai gyara da sunan kamfanin jigila a takarda, ka karɓi lambobinsu, ka ga an ɗaura wa kowace fata da ƙaho alama mai sunanka, ka ɗauki hotonsu. Ka nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce, gyara daban, akwati daban, takardu daban, jirgi daban, ka kuma san cewa kuɗin duwan da na fito a filin jirgin Diori Hamani suna jiranka, ga kuma motar da za ta ɗauko akwatin fiye da kilomita 600 zuwa Maradi. Wanda duk ya neme ka daga baya, ko da ya san sunan kakanka, ka kira lambar da ka karɓa da hannunka ka tambaya. Kamfani asusun banki yake da shi da sunan kamfani. Sau huɗu Kawu ya tura kuɗi, sunaye uku daban-daban, babu na kamfani ko ɗaya. Ko da wasiƙa ta zo da sunan gonar kanta tana cewa sun canza asusu, kada ka tura sai ka ji muryar mai ita. Hotuna kuma a rufe allon gonar kafin yara su watsa.

Ban yarda cewa Kawu kaɗai aka yi wa ba. Mutumin ya goge da zancen, ya san inda zai sa girmamawa da inda zai sa tsoro. Irin mutanen da yake nema manya ne masu jin nauyin a ce an yaudare su, kunyar nan ita ce jarinsa. Kawu da kansa ya yi kwana uku bai fita masallacin unguwa ba, sai da na zauna na ce masa, "Kawu, wanda ya yi sata shi ya kamata ya ɓoye fuska." Mun kai ƙara wurin ƴan sanda da rasit ɗin huɗu da saƙonnin murya da takardun bogin, tunda ƙasar nan tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019. Sun karɓa, suna bin sunayen waɗanda suka ciri kuɗin. Ban sa lambar mutumin a nan ba don kada in ɓata musu aiki, kuma irinsu lamba ba ta kwana biyu a hannunsu.

In akwai wanda wannan murya ta taɓa kira, ko kan ƙaho, ko kan mota, ko kan wani kaya da aka ce an riƙe a hanya, ya yi mini magana ta akwatin saƙo mu haɗa shaidu mu kai tare, ba zan fallasa kowa ba. Kayan Kawu kuwa mai gyaran na gaskiya ya turo ƙiyasinsa a rubuce. Kawu ya duba ya ce a bar kan, a jeme fatar jakin dawan kawai a tsabtace ƙahonin biyu, su ne za su shiga ƙaramin akwati.