Mako shida ina koyon abin da zan faɗa wa ƙanwata

Lokacin da cikin ƙanwata ya zube yana wata biyar, na kira ta a waya na yi mata maganar da na ɗauka ita ce ta dace da babbar yaya. Na ce ta yi haƙuri, tana da ƙuruciya, wani zai zo, kuma ta rage kuka kada ta jawo wa kanta wani ciwon. Ta ce, "To Yaya, na gode." Daga ranar sai in kira sau uku kafin ta ɗauki ɗaya, in ta ɗauka kuma ba ma wuce gaisuwa. Na san na ɓata wani abu. Amma da za a titsiye ni in nuna kalmar da ta yi ɓarnar, da na rasa, don duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma da zuciya ɗaya na faɗe shi.

Abin da ya kai ni ga wani kwas na intanet ke nan, na mako shida, kan abin da masana sadarwa suka gano game da saƙonnin lallashi da ƙarfafa gwiwa. Wata biyu ke nan da na gama shi. Irinsa sun yi yawa yanzu, wasu jami'o'i ke shiryawa, wasu kamfanoni, shi ya sa nake ganin abin da na tarar a wannan zai amfani duk mai shirin zuba kuɗinsa a makamancinsa.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane mako akwai bidiyo huɗu ko biyar na minti goma zuwa sha biyar, da takardar bincike ɗaya da za a karanta, sai aikin gida: a ba ki labarin wani da ke cikin damuwa, ki rubuta abin da za ki ce masa. Komai da Turanci ne. Bidiyoyin suna sauka a waya ba tare da wahala ba, kuma malamar da ke bayani ba ta da gaggawa.

Makon farko ne ya sa jikina ya yi sanyi. An ba mu binciken Darrin Lehman da John Ellard da Camille Wortman na 1986, inda suka tattauna da mutum 94 da suka rasa miji, ko mata, ko ɗa a haɗarin mota shekara huɗu zuwa bakwai kafin nan. Suka tambaye su abin da mutane suka yi musu da ya taimaka, da wanda bai taimaka ba. A cikin waɗanda ba su taimaka ba akwai ba da shawara, da matsa wa mutum ya warware da wuri, da rage girman abin da ya faru, da cewa "na san yadda kake ji". Ina karantawa ina ganin kiran wayata layi bayan layi. Abin da suka ce ya taimaka kuwa shi ne a bar su su amayar da abin da ke ransu, a nuna an damu da su, a zauna tare da su, sannan su haɗu da wanda irin wannan ya taɓa samu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gaba. Masu binciken sun tambayi wasu mutanen dabam, waɗanda ba a yi musu irin wannan rashin ba, me za su yi wa wanda aka yi wa. Amsoshinsu suka zo daidai da abin da masu rashin ke so. Ashe mutane sun san abin da ya dace. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne, idan mutum ya samu kansa gaba da gaba da mai kuka, hankalinsa na tashi, sai ya jawo duk maganar da za ta tsayar da kukan don shi ma ya samu sauƙi. Na daɗe ina juya wannan. A ranar da na kira ƙanwata, shessheƙarta ce na kasa jurewa, sai na nemi hanya mafi sauri ta rufe ta.

Mako na biyu da na uku na Brant Burleson ne, malami a jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka, wanda ya yi shekaru kusan talatin a kan wannan fanni kafin rasuwarsa a 2010. Shi da James Applegate, tun farkon shekarun 1980, suka jera saƙonnin lallashi a tsani mai matakala tara, kashi uku, gwargwadon yadda saƙon ya dubi mai damuwar da abin da yake ji. A ƙasa akwai saƙon da ke zargin mutum, ko ƙaryata damuwarsa, ko gaya masa yadda ya kamata ya ji: "wannan har ya isa kuka?" A tsakiya akwai mai nuna tausayi a taƙaice, ko ɗauke hankali zuwa wani abu, ko kawo dalilin da ya sa abin ya faru. A sama kuwa akwai saƙon da ke ambaton abin da mutum ke ji ƙarara, ya nuna cewa jin hakan ba laifi ba ne, ya buɗe masa ƙofa ya ƙara magana.

Malamar ta yi ƙoƙari sosai wajen bayyana dalilin da ya sa na saman ke aiki, kuma nan ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Da na ɗauka kalma mai daɗi ce ke sanyaya zuciya kai tsaye, kamar a zuba ruwa a wuta. Burleson da Daena Goldsmith, a 1998, sun kawo wani bayani: damuwa tana fitowa ne daga yadda mutum ya auna abin da ya same shi, kuma ba wanda zai iya sake masa wannan awon daga waje. Shi zai yi da kansa, yawanci ta hanyar magana, yana ba da labarin yana jin kansa. Aikin mai lallashi shi ne ya samar da yanayin da labarin zai fito. Susanne Jones da John Wirtz sun gwada hakan a 2006, suka ga waɗanda aka yi wa lallashi irin na saman tsani sun fi bayyana abin da ke ransu, sun fi sake duban lamarin, kuma sun fi samun sauƙi. Wannan ya sauya mini tambayar da nake yi wa kaina. Na daina neman jimlar da za ta warkar da ita, na koma neman abin da zai sa ta yarda ta yi mini magana.

Mako na huɗu kan shawara ne, kuma ya yi amfani ko da yake gajere ne. Bo Feng ta nuna a 2009 cewa shawara ta fi karɓuwa idan ta zo a ƙarshe: a fara da nuna kulawa, a yi tambayoyi a fahimci matsalar, sannan a ce ga abin da nake gani. An kuma taɓo ra'ayin Carolyn Cutrona da Daniel Russell na 1990, cewa matsalar da mutum ke da iko a kanta ta fi buƙatar bayani da taimakon hannu, wadda ta fi ƙarfinsa kuma ta fi buƙatar a tsaya tare da shi. Ɓarin ciki ba abin da shawara za ta gyara ba ne, ni kuwa shawara na ɗora mata har uku a numfashi ɗaya.

To amma akwai inda kwas ɗin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce.

Na'ura ce ke duba aikin gida, kuma kafin mako na uku na gane abin da take nema. In na rubuta "na ga kina cikin baƙin ciki, kuma kina da dalilin jin haka", maki ya cika. In na rubuta gajeren abu mai gaskiya, irin wanda zan iya furtawa da bakina, sai ta rage. A hankali na ga ni da sauran ɗalibai muna rubuta dogayen saƙonni masu kama da juna, waɗanda ba wanda zai iya karanta wa ɗan'uwansa ba tare da an ji baƙon abu a ciki ba. Sau ɗaya kawai mutum ya duba aikina, kuma amsarsa ta zo bayan kwana tara, layi biyu. Fannin da gaba ɗayansa a kan sauraron mutum yake bai kamata a bar wa na'ura gyaransa ba.

Na biyu, an gabatar da tsanin Burleson kamar an gama magana a kansa. Sai da na karanta takardar Andrew High da James Dillard ta 2012 da kaina, wadda ta tattara bincike 23 ta auna su tare, na ga abin da bidiyon ya tsallake. Alaƙar saƙon saman tsani da yadda mutane ke yaba shi tana da ƙarfi, amma alaƙarsa da ainihin sauƙin da mai damuwa ke samu ba ta kai haka ba. Da yawan binciken ma ɗaliban jami'o'in Amurka ne aka ba su labarin ƙirƙira a takarda suka zaɓi saƙon da ya fi burge su. Wanda ke zaune a aji yana zaɓe da wanda ke kwance a gado bayan asibiti ba ɗaya ba ne. Shi kansa Burleson, tare da Graham Bodie, ya yi bayani cewa idan tashin hankali ya yi tsanani mutum ba ya iya tsefe kalmomi, sai ya fi kula da wanda ke maganar da kusancinsa gare shi. Wannan bai samu ko minti biyar ba a kwas ɗin.

Haka aka yi wa batun bambancin al'ummomi. Heejung Kim da David Sherman da Shelley Taylor sun nuna cewa mutanen Asiya da Amurkawa 'yan asalin Asiya ba su cika fitowa fili su nemi taimako ba, don gudun ɗora wa nasu nauyi, kuma suna samun sauƙi daga zama da makusanta ko ba a taɓo matsalar ba. Gaskiya ne wani bincike da ya kwatanta Amurkawa da 'yan China ya ga duka ɓangarorin sun fi yaba saƙon saman tsani, sai dai tazarar ta fi faɗi a wajen Amurkawa. An ambaci wannan a gurguje aka wuce. Ni kuwa nan nake da tambaya, domin a ma'aunin na'urar nan "yi haƙuri" ba za ta taɓa hawa sama ba, alhali na sha jin ta daga bakin wanda ya zauna da ni awa biyu yana saurare, kuma ta ratsa ni. Na kuma ji ta daga wanda ke son in yi shiru. Kalmar ɗaya ce, wurin da aka ajiye ta ne ya bambanta, kuma kwas ɗin bai da hanyar koyar da wannan.

Abin da na fi jin takaicin taƙaita shi shi ne binciken Niall Bolger da abokan aikinsa na 2000. Sun bi ɗaliban lauya da ke shirin jarrabawar shiga aikin lauya ta jihar New York, su da abokan zamansu, kowa yana cike takarda kullum a makonnin da suka gabaci jarrabawar. Ranakun da abokin zama ya ce ya taimaka, shi kuwa ɗalibin bai lura an taimake shi ba, su ne suka fi rage masa ƙunci washegari. Taimakon da aka gani ƙarara yakan zo da nasa nauyin, don yana tuna wa mutum cewa an ga gazawarsa. Bidiyo ɗaya aka ba wannan a mako na biyar, ba aikin gida, wataƙila don ba abin da na'ura za ta duba a ciki.

Duk da haka ban yi nadamar kuɗina ba. Makonni ukun farko kaɗai sun isa, kuma takardun da aka zaɓo na gaske ne, ba ƙasidun kwaɗaitarwa ba. Wanda aikinsa ke haɗa shi da masu damuwa, malamar asibiti ko malamin makaranta ko mai kula da ma'aikata, zai ƙaru matuƙa, muddin ya karanta takardun da kansa bai tsaya ga bidiyo ba. Kafin ki yi rajistar irinsa, ki tambaya ko mutum ne ke duba aikin gida, kuma ko akwai zaman gwaji da baki tsakanin ɗalibai. In babu, ki nemi wanda za ku riƙa gwadawa tare.

A mako na biyar na fara zuwa ina ɗaukar ɗanta mai shekara huɗu ranakun Asabar, ina cewa yarana ne ke nemansa, wanda kuma gaskiya ne. Ban ce don ta huta ba ne. Asabar ta uku, da na dawo da shi ya yi barci a kafaɗata, na kwantar da shi na zauna a bakin gadonta. Ban yi amfani da ko ɗaya daga cikin dogayen jimlolin da na samu maki da su ba. Na ce, "Ranar nan na yi miki gaggawa. Ban ma tambaye ki yadda abin ya kasance ba."

Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, kuma sau biyu bakina ya motsa zai cike shirun na danne shi. Can ta ce, "Yaya, kowa cewa yake wani zai zo. Ni wannan nake so."

Na ce ta ba ni labarinsa. Ta fara daga ranar da ta fara jin motsinsa, ta faɗi yadda yake tashinta da asuba, ta faɗi abin da ta gani a fuskar likitar kafin a ce mata komai. Ta yi kuka, na bar ta. Mun kai ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ashe ta riga ta zaɓa masa suna tun yana wata uku, ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta. A daren ta gaya mini shi.